Tsohon sojan ruwa ne ya bari aka buga fuskokin mamatan Biyetnam?

Ɗalibar Jarida:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Daren jiya ina binciken tarihin mujallu sai na ci karo da fitowar mujallar Life ta Amurka ta 27 ga Yuni, 1969. Shafi bayan shafi ba komai sai ƙananan hotuna na sojojin Amurka da aka kashe a Biyetnam cikin mako guda, mutum 217 daga cikin 242. Ƙarƙashin hoto suna, shekaru, muƙami da garin mutum. Wani da hular soja, wani kuwa hoton gama sakandare aka samo, yana murmushi. Wallahi na kasa rufe kwamfutar har na kai ƙarshe.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne babban editan kamfanin Time, mai Life, a lokacin. Hedley Donovan ne, kuma tsohon hafsan sojan ruwa ne. Ni na ɗauka wanda ya taɓa sa kaki zai rufa wa rundunarsa asiri. Ta yaya ya yarda aka buga wannan?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da sanin cewa ɗan jarida ne tun kafin ya zama soja. An haife shi a jihar Minnesota a 1914, ya yi karatu a Oxford, ya yi aikin ɗauko rahoto a Washington Post daga 1937. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kai shi sojan ruwa a 1942. Da aka gama yaƙi a 1945 ya shiga Fortune a matsayin marubuci, a 1953 ya zama mai riƙe da ragamar mujallar, sannan a 1964 Henry Luce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya miƙa masa kujerarsa.

A nawa ganin, kakin nan da kike tunanin zai hana shi, shi ne ya ba shi ƙarfin gwiwa. Wanda ya yi aikin soja a lokacin yaƙi ya san kowane adadin da ake karantawa a labarai ɗan wani ne, mijin wata ne. Kuma da wuya a nuna masa yatsa a ce ba ya kishin ƙasa. Ki duba kuma Nuwamban 1973: a ƙarƙashinsa ne Time ta buga sharhin edita na farko cikin shekara 50 da kafa ta, tana cewa Shugaba Nixon ya sauka.

Mai Bin Diddigi:
Baba, da girmamawa, kada mu ɗora masa rawanin duka. Ralph Graves ne editan Life a lokacin, kuma ma'aikata ne suka bi gida-gida suna roƙon iyaye hotunan 'ya'yansu. Su suka sha zafin aikin. Sannan mujallun kamfanin sun daɗe suna goyon bayan yaƙin, har da Donovan kansa a farko. Kafin ya sauya ra'ayi an riga an binne dubbai. Ni wannan jinkirin yana ci min rai.

Tsohon Edita:
Gaskiyarka ɗana, ban musa ba. Amma na zauna a kujerar edita, na san abin da ake nufi da a kawo maka shafi a ce sai ka ce e ko a'a. Da ya ce a'a, hotunan nan da suna cikin durowa har yau.

Ɗalibar Jarida:
Na gode Baba, na gode Yaya. Zan saka duka biyun a rubutuna, jinkirin da kuma amincewar. Na koma na sake duba shafukan, wannan karon shekarun kawai nake karantawa: 19, 20, 21. Da yawansu ba su kai ni ba.