Duwatsun Ahaggar a lokacin ɗari: mai ciwon gwiwa zai iya yawo a ƙafa?

Lawali Bagalam:

Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda ƙarshen watan 12 zan je Tamanrasat, kudancin Aljeriya, wurin yayana, ya daɗe can yana ɗinki. Ya ce zai nemi mota mu hau dutsen Asekrem, cikin gandun dajin Ahaggar. Ni ba hoto ta tagar mota nake so ba. So nake in taka ƙasa, in ga itatuwa da tsuntsayen wurin, don tun ina yaro nake zuwa tabkin Madarunfa kallon tsuntsaye. Matsalata gwiwar dama, ba ta ɗaukar doguwar tafiya. Akwai gajerun hanyoyi na awa guda ko biyu? Kuma sanyin da ake faɗa, har ina ya kai?

Malam Isuhu:

Wa alaikumus salam, Malam Lawali. A Aljeriya na yi karatun ilimin ƙasa da halittu, shi nake koyarwa yanzu nan Maradi, kuma wurin nan yana cikin raina ƙwarai. Za ka iya, in ka bi a hankali.

Fara da tsayi, don shi ne zai fi gwiwar ba ka aiki. Maradi tana wajen mita 400 sama da teku. Tamanrasat ta kusa 1,400, Asekrem kuwa ya haura 2,700. Kusa da shi ga Tahat, dutse mafi tsawo a Aljeriya duka, sama da mita 2,900. Iska can sama ba ta da kauri, taku kaɗan za ka ji haki. Kada ka hau washegarin isarka. Ka kwana biyu uku cikin gari, ka fita wajen dutsen Iharen da ke kusa, ka zaga gindinsa da hantsi. Ƙasar shimfiɗe take, ga ƙandili irin namu cikin ƙoramun da suka ƙafe, kuma daga nan za ka fahimci abin da za ka tarar a sama.

Duwatsu masu tsini da za ka gani can, irin Iharen, tsofaffin maƙogwaron aman wuta ne. Narkakken dutse ya taso daga ƙasa, ya daskare cikin maƙogwaron, sai iska da ruwa suka cinye jikin da ke kewaye cikin miliyoyin shekaru, suka bar tsakiyar mai tauri a tsaye. In ka matsa kusa za ka ga jikin dutsen a tsattsage tsaye-tsaye, kamar damin kara da aka jingine. Tsagar ta samu ne lokacin da dutsen ke hucewa yana tsukewa. Baƙaƙen duwatsun da suka rufe fili a hanya su ma daga wutar suke. Babu wanda ke aman wuta yanzu, hankalinka ya kwanta.

Daga gari zuwa Asekrem wajen kilomita 80 ne, amma hanyar duwatsu ce, sai kat-kat, motar da ke ja da ƙafa huɗu, kuma tana cin awoyi. Abin da nake roƙonka shi ne ku tsaya a Afilal. Kwarin dutse ne mai riƙe ruwa shekara duka, har da ƙananan kifaye a tsakiyar Sahara, ragowar zamanin da ƙasar ke da dausayi. Direbobi kan so a sha shayi a wuce. Kai ka ce a ba ka awa guda. Ka bi bakin ruwan sannu, ka duba laka: sawun barewa, sawun dila, wani lokaci kofaton ragon dutse. Ragon kansa da wuya ka gan shi, yana da tsoro, sai da asuba can saman tsauni. Rema kuwa takan fito bisa dutse shan hantsi in ka zauna ba motsi.

Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi wuluk, mai farin kai da farar wutsiya, Abzinawan wurin suna ce masa mula-mula, suna ɗaukarsa mai kawo albishir. Ba ya gudun mutane. Na zauna gindin wani dutse ina cin dabino, ya sauka kusa da takalmina, ya karkata kai yana dubana da ido ɗaya, yana ɗaga wutsiya yana saukewa, har ya tsinci ɓarɓashin ya koma kan dutse. Shi kam za ka gan shi in sha Allahu. Ka kuma murza ganyen ƙananan ciyayi masu launin toka da ke cikin kwari ka shinshina, wasu dangin tazargaden da ake sayarwa a kasuwarmu ne. Can sama cikin tsagar duwatsu akwai zaitun na daji, wanda ba kowane yanki na duniya ke da irinsa ba. Don Allah kada a karya reshe don hura wuta, itacen wurin yana shekaru kafin ya ƙara kamu ɗaya. An kafa gandun a 1987 don kare irin waɗannan.

Hawan ƙarshe: mota tana tsayawa wurin masaukin da ke ƙasan ƙoli, daga nan ƙafa ce. Mai lafiya yana yi cikin minti 20 zuwa 30. Hanyar a karkace take, da duwatsu a jere. Ka ba kanka ninki biyu, ka riƙe sanda. A sama akwai ɗan ɗakin dutse da wani Bafaranshe malamin Kirista, Charles de Foucauld, ya gina a 1911, da tashar auna yanayi. Saukowa ta fi wahalar da gwiwa, saboda haka ka sauko tun da haske.

Alhaji Sani Direba:

Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara: kada ku fita ku kaɗai da motar aro. Baƙo ba ya shiga dajin nan sai da ɗan jagora na wurin, kuma akwai shingen jami'an tsaro. Fasfo ɗinka da takardunka su kasance a aljihun gaba, kowa ya san yadda ake kwaso 'yan ƙasarmu ana zubewa Asamaka, kan iyakarmu da Aljeriya. In takarda ɗaya ba ta cika ba, Lawali, ka haƙura da dutsen. Ruwa kuma ku ɗauka fiye da lissafinku.

Hajiya Rabi:

Ƙanena, maganar sanyi ba a ba ka amsa ba. Maigidana ya yi aiki can. Ɗarin watan 1 na Maradi da muke kuka da shi, can shi ne ranarsu. Da dare bisa dutsen ruwa yana ƙanƙara cikin buta. Ka je 'yan gwanjo tun nan ka sayi babbar rigar sanyi, safar hannu, safar ƙafa mai kauri biyu, da rawani na rufe kunne da hanci. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, ban da silifa. Man kaɗe ma ka sa a jaka, leɓe da dunduniya suna tsagewa. Ruwan alwalar asuba a ɗumama shi tun dare a zuba a fulas.

Lawali Bagalam:

Allah ya saka muku da alheri duka. Alhaji, takarduna sun cika, kuma zan gaya wa yaya ya nemi ɗan jagora. Hajiya, gobe ina kasuwa. Malam Isuhu, tambaya ɗaya ta rage: in na hau da la'asar don faɗuwar rana, dole sai na sake hawa da asuba? Ban jin gwiwar za ta yarda da sau biyu.

Malam Isuhu:

Zaɓi ɗaya, kuma ni la'asar zan ba ka shawara. Da asuba cikin duhu ake hawa da tocila, ga sanyi a ƙarshensa, dutse yana iya yin santsi. Da la'asar kana ganin inda kake taka ƙafa, kuma hasken yana faɗa wa tsaunukan da ke gabanka sosai. Kada ka jira rana ta ɓace gaba ɗaya, ka fara sauka tana ja. Safiyar kuma ka zaga kusa da masaukin bayan rana ta fito, lokacin ne tsuntsaye ke motsi. In kana da madubin hangen nesa ka tafi da shi, in babu ka zo lakkol ka karɓi nawa kafin tafiyar.