'Yan agwagi shida a kwali, yaro kuma ya ƙi lissafin siffofi, ina zan kama?

Uwar_Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abu biyu ne suka haɗe min. Yarana a gida nake koyar da su, shekara ta biyu kenan, babban shekararsa 10, mai bi masa 8, sai auta 'yar shekara 3 wadda aikinta kawai ta tsinka mana karatu. Karatu da rubutu Alhamdulillah muna tafiya, amma da muka zo jiyometiri, su kusurwa da kewaye da faɗin fili, nan fa aka tsaya cak. Babban ya haddace "tsawo sau faɗi" kaman waƙa, amma in na ce to lambar da ta fito ta mene ce sai ya zuba min ido, jiya sau uku yana ba ni amsar kewaye a wurin faɗin fili wallahi kaman in yi kuka.

Ana cikin haka kuma babansu ya kawo musu 'yan agwagi shida wai su koyi kiwo, yau kwanansu tara. Suna cikin kwali na shimfiɗa musu jarida, sun jiƙa komai sharkaf, ɗaya ma naga tana ɗan buɗe ƙafa in za ta yi tafiya kuma ta fi sauran kwanciya. Yaran sun dame ni in bar su su yi musu wanka a baho, hankalinsu gaba ɗaya ya koma can, ina allo suna leƙen kwali. Nikam in sa a mayar da su ne ko ya zan yi?

Mai_Kiwo:
Wa alaikumus salam. Maman yara kafin komai ki cire jaridar nan yau ɗin nan, santsi gare ta, ƙafarsu ba ta samun wurin riƙewa shi ya sa take buɗewa. Ki sa musu tsohon tawul ko sassaƙen katako, kina canzawa in ya jiƙe. Na biyu, agwagi sun fi 'yan tsaki buƙatar sinadarin nayasin, wato bitamin B3, to in abincin 'yan tsaki kike ba su zalla zai iya gaza musu, kuma a ƙafa abin yake fara nunawa. Ki nemi abincin agwagi, in babu ki tambayi masu maganin dabbobi ƙarin bitamin mai B3, in kwana biyu uku ba ta miƙe ba a nuna wa likitan dabbobi.

Wankan baho kuma a yi hattara. Ɗan agwagwa da ba ya tare da uwarsa bai da man da ke hana ruwa shiga gashinsa, sai ya jiƙe ya yi sanyi, har nutsewa suna yi mutane na mamaki. In dole ne, ruwa mai ɗumi kaɗan wanda za su iya tsayawa a ciki, minti biyar kina tsaye a kansu, a goge su a mayar wurin ɗumi. Sai wajen sati bakwai zuwa tara gashinsu ke cika. Ruwan sha dai kar ya yanke, kuma ya kai su tsoma baki har hanci, dan da ruwa suke haɗiye abinci. Ɗumi kuma satin farko wajen digiri 32 ne, ana ragewa kamar 3 duk sati, amma su da kansu za su faɗa miki, in sun cunkushe ƙarƙashin ƙwan fitila sanyi suke ji, in sun gudu lungu suna haki zafi ya yi yawa.

Tsohon_Malami:
'Yata kar ki mayar da su. Nan da sati biyu kwalin nan ba zai ɗauke su ba, dole a yi musu shinge, to ki bar babban ya zama injiniyan aikin. Ki ce masa ragar waya mita 12 kawai gare mu, ya nemo siffar da za ta ba agwaginsa wuri mafi yalwa. Ki ba shi igiya mita 12 a ƙulle bakinta, ya shimfiɗa a ƙasa. Zai yi 5 da 1 ya ga siririn lungu, murabba'in mita 5 kacal. Ya yi 4 da 2 ya samu 8. Ya yi 3 da 3 ya samu 9. Igiyar ba ta ƙaru ba ko kaɗan amma wurin yana canzawa, a nan ne kewaye da faɗin fili za su rabu a kansa, kuma kar ki faɗa masa, ki bari ya gani. In kina so ya tabbatar, ki yanka kwali mita ɗaya da mita ɗaya ya riƙa ajiyewa yana ƙirgawa. In ya ja igiyar ta zama da'ira zai samu kusan 11 da rabi, ta fi duk sauran. Akwai wata dabarar kuma ta jingina da bango, amma wannan na bar masa.

Sai kusurwa. Ki samu wata igiyar, ita ma a ƙulle bakinta, ki yi mata alama 12 masu tazara ɗaya, mutum uku su riƙe, gefe ɗaya tazara 3, ɗaya 4, ɗaya 5, a ja ta miƙe. Kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 digiri 90 ce cif, domin 3 sau 3 (9) da 4 sau 4 (16) in an haɗa su ne 25, wato 5 sau 5. Ka'idar Pitagoras kenan, magina da kafintoci har gobe da ita suke daidaita lungu. In an kafa turaku huɗu a auna daga lungu zuwa lungun da ke kallonsa, duka biyun su zo ɗaya, in ba su zo ba shingen ya karkace. Mai shekara 8 kuma ki ba shi zare ya zagaye bakin baho ya auna, sannan ya auna faɗin bakin ta tsakiya, ya gwada da kofi da murfin tukunya, kullum zai ga zagayen ya ninka sau uku da ɗan ɗoriya. Na yi shekaru ina rubuta 22/7, lambar wannan ninkin, a allo yara na kwafa, ban ga ta zauna ba sai da na fara kawo zare aji.

Maman_Tagwaye:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ni da ɗan gyara. Nima a gida nake koyarwa kuma na taɓa zaƙewa, komai sai na mayar da shi darasi, har ɗiyata ta ce min Mama ba za a bar mutum ya kalli abu haka kawai ba. Ki bar musu lokacin da agwagi agwagi ne kawai. Kuma duk abin da aka auna a waje a dawo a zana shi a littafi a rubuta lambobin, in ba haka ba ranar jarabawa babu igiya a hannu sai ki ga an koma gidan jiya. Sannan autar nan a kula, ƙananan tsuntsayen gida suna iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsu ƙalau, masana lafiya na cewa yaro ƙasa da shekara 5 kar ya riƙa ɗaukarsu, manyan ma wanke hannu da sabulu duk sanda suka taɓa, ba sumbata.

Uwar_Uku:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na cire jaridar tun ranar, na samo ƙarin bitamin ɗin, ƙaramar ta fara bin 'yan uwanta ko da yake har yanzu ita ce ta ƙarshe zuwa wurin ruwa. Baba mun yi na igiya yau da safe, da ya kai 3 da 3 ya ce shikenan ya gama, sai ƙanensa ya ce ai bango kyauta ne, aka koma jikin bango ya yi 4, 4, 4 ya samu 16 yana ta tsalle, na ce gwada 3, 6, 3, ya ƙirga kwalin nan har sau biyu dan bai yarda 18 ba ne. Matsalar kawai lungu zuwa lungu ya ƙi zuwa ɗaya, bambancin santimita 7, ina zargin alamomin da na yi a igiyar ne ba su daidaita ba dan tana ɗan miƙewa in an ja. In sake da tef ɗin awo ne ko 7 ɗin ba komai a shingen agwagi?