Don Allah ku ba ni shawara: tun da ɗana ya fara shan maganin natsuwa ya daina cin abinci

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ta tashi lafiya. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya kai ni maƙura.

Ɗana Khalifa shekararsa 9, shi ne na biyu. Tun yana tatata ba ya zama wuri ɗaya, alhali yayarsa ko motsinta ba a ji. Makarantar farko cewa suka yi mu ɗauke shi, wai yana hana 'yan aji karatu. Ta biyu kuwa kullum sai an kira ni: ya haye benci, ya yar da littafi, ya ture wani. A Islamiyya an zane shi har jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu saboda ya kasa riƙe hadda. An yi masa rubutu, an yi tofi, mun kai shi wajen mai ruƙiyya ya ce ba komai a jikinsa. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce ƙiriniya ce ta gado, babansa ma haka ya yi kuma ga shi ya zama mutum. Daga baya wata ƙanwar mahaifiyata ta ce mu je ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa na yara. Ba ƙaramin daga aka sha ba kafin babansa ya yarda, don a ganinsa duk wanda aka gani a wannan layin an yi masa tambari ke nan. Likita ya yi mana tambayoyi, ya ba da takarda malamarsa ta cike, a ƙarshe ya ce ADHD ce, wato matsalar rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Ya ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kullum da safe.

Tsakani da Allah maganin ya yi aiki. Yanzu yana zama ya gama aikin gida, malamarsa har waya ta yi mini tana sa albarka. To amma abinci ya zama yaƙi. Yaron da yake cinye kwanonsa ya leƙa na yayarsa, yanzu yadda na zuba masa a kula haka take dawowa, kuɗin tara ma a aljihu nake tsintarsu. Wandon makarantarsa sai da tela ya rage ƙugun. Ranar Juma'a Hajiya ta gan shi ta fashe da kuka, ta ce a gaban facalolina wai ina ɗura wa jikanta maganin mahaukata. Babansa ya ce zuwa ƙarshen wata in bai murmure ba a daina. Ranar komawarmu asibiti kuma da sauran nisa. Ya zan yi?

Ummu Affan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Meye sunan maganin, kuma kilo nawa ya rage tun da ya fara?

Anti Larai:
'Yata, ki saurare ni da kyau, na haifi takwas na aurar da biyar. Ba wata cuta a jikin yaron nan. Namiji ne, kuma ɗa namiji da ƙiriniya aka san shi. Turawa ne suka ƙirƙiro suna don su sayar da ƙwaya. Duk maganin da zai raba yaro da abinci ba magani ba ne. Ki ajiye shi yau ɗin nan. Ki fara ba shi maganin tsutsar ciki, sannan ki je kemis ki ce a ba ki sirof na sa cin abinci, cokali ɗaya da daddare. Ki haɗa masa da zuma da habbatus sauda. Kafin sati biyu wallahi sai kin riƙa ɓoye tukunya. Kuma surukarki gaskiya ta faɗa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Maman Khalifa:
Anti na gode, amma ba ku ga halin da muke ciki a da ba. Yaron nan ya taɓa tsallaka titi a guje saboda ya hango balan-balan, Allah ne ya kiyaye mai Adaidaita ya taka birki. Shi da bakinsa ya taɓa tambayata, "Umma, me ya sa kowa ya tsane ni?" Ba don jin daɗi na kai shi asibiti ba.

Maman Ilham:
Ni maganar surukar ce ta tsaya mini a rai. Haka tawa take. Ilham tana da sikila, amma duk lokacin da ciwon ya tashi sai a ce ni ce ba na kula, ko wai daga danginmu aka kwaso, alhali kowa ya san sai uwa da uba sun haɗu ake samunta. Ranar da muka kwana a asibiti ba wanda ya leƙo, amma da aka sallame mu gida ya cika da masu ba da umarni. Ki yi haƙuri kawai 'yar uwa, ba a iya musu.

Sista Hauwa:
Maman Khalifa, ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, kuma ina ganin yara masu shan irin wannan magani. Abin da kike gani sananne ne, yana cikin illolin da aka fi samu. Yawancin magungunan ADHD, irin su methylphenidate da ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, suna danne jin yunwa muddin suna aiki a jiki. Ba taurin kai yake yi ba, yunwar ce ba ya ji. Da maganin ya sake shi take dawowa, shi ya sa za ki ga irin yaran nan suna neman abinci da daddare. Ritalin na gama-gari awa 3 zuwa 4 yake yi, Concerta kuwa yana kai wa wajen awa 12. Don haka amsar tambayar Ummu Affan tana da muhimmanci: wanne yake sha, ƙarfe nawa, kuma kafin ya karya ko bayan ya karya?

Maman Khalifa:
Concerta ne, an rubuta 27 a kwalin. Ina ba shi da an idar da sallar asuba don kar na manta, sai ya yi wanka ya shirya, sannan na ba shi shayi da burodi. Motar makaranta ƙarfe bakwai saura take zuwa. Kuma gaskiya ne, wajen ƙarfe tara na dare yakan ce zai ci Indomie, amma babansa ya hana cin dare.

Sista Hauwa:
To ga inda za ki fara. Ki juya tsarin: ya ci tukuna, sannan ya sha, ko ya sha yana cikin ci. Kuma shayi da burodi ba za su riƙe shi ba. Tunda kin san da rana ba zai ci da yawa ba, karin safe ya zama mai nauyi: ƙwai, ƙosai, kunun gyaɗa mai kauri da madara, ko ɗumamen tuwo da man shanu idan yana so. Na makaranta ki rage yawansa, ki ƙara masa maiƙo. Kula cike da shinkafa tana karya wa yaron da ba ya jin yunwa gwiwa, amma dabino kaɗan, ayaba, soyayyar gyaɗa, awara yanka biyu ko gorar fura da nono zai iya tura su. Abin sha ya fi saurin shiga. Kada ya cika ciki da ruwa ko lemo dab da cin abinci.

Na daren nan kuma don Allah a bar shi ya ci, wannan ne lokacin da jikinsa yake karɓa. Ki ajiye masa abinci na gaske, in Indomie ce a fasa ƙwai a ciki. Ki daina tsare shi da faɗa a kan kwano, yana ƙara sa yaro ya ƙi abincin.

Abu mafi girma: ki auna shi. A nan ƙa'idar ita ce yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa a auna nauyinsa duk wata 3, tsayinsa duk wata 6, a riƙa sawa a katin awo, ana kuma duba bugun zuciya da hawan jini. Idan nauyi yana sauka ba a jiran ranar da aka rubuta, komawa ake yi. Likita yana da hanyoyi: ya rage ƙarfin maganin, akwai mai miligiram 18, ko ya mayar da shi kan mai gajeren zango, ko ya tsara hutun magani, ko ya sauya wani.

Anti Larai:
Kun ji ko? Ita ma ta yarda maganin ne ya hana shi ci. To me ake jira? Mu nan ba Ingila ba ce da za a yi ta awo. Sirof ɗin nan duk 'ya'yana sun sha, jikokina suna sha, ba wanda ya mutu. In ma ta nace sai ta ba shi ƙwayar, ta raba ta biyu, rabi ya isa.

Sista Hauwa:
Anti, da girmanki, kada a raba Concerta. An ƙera ƙwayar ne ta riƙa sakin magani a hankali tsawon yini, ba a fasa ta, ba a tauna ta, haɗiye ta ake yi ɗungurungum.

Maman Sadik:
Ni a kantin magani nake aiki, bari na yi magana kan sirof ɗin. Yawancinsu cyproheptadine ne a ciki, asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne. Yana sa cin abinci, amma yana sa barci da kasala. Akwai likitocin da suke rubuta shi ga irin yaran nan, sai dai su ne suke auna yadda za a sha. Abin da na fi tsoro shi ne haɗin da ake kira sha ka fashe, wanda ake cusa dexamethasone a ciki. Kumburi yake sawa a zaci ƙiba ce, yana raunana garkuwar jiki, yana iya tsayar da girman yaro. Kada ki karɓi wani ƙulli marar suna a hannun kowa.

Kuma tunda ana maganar, ni abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wahalar samun maganin kansa. Yana cikin waɗanda hukuma take sa wa ido, sai da takardar likita, ga tsada, wani lokacin a zagaye gari babu. Iyaye su zo su tsaya a kaina kamar ni na ɓoye shi.

Ummu Affan:
Ɗan yayata a Abuja likitansu ya ce ya riƙa hutawa Asabar da Lahadi da lokacin dogon hutu, a nan yake rama cin abincin. Ki tambayi naku ko zai yiwu.

Maman Khalifa:
Asabar da Lahadi ai su ne ranakun hadda, tun safe har la'asar. A can ne ma aka fi dukansa. In na cire masa a ranakun nan mun koma gidan jiya. Maganar karyawa kafin magani kuma, Sista, ba ki san Khalifa ba ne, da asuba ko ruwa da ƙyar yake sha, kuma ina da goyo, ga yayarsa ita ma sai na shirya ta. Ba zan iya dama kunu da suyar ƙosai kafin bakwai saura ba. Fura kuma ya ce 'yan ajinsu dariya suke yi masa.

Sista Hauwa:
Ba sai kin yi duka ba. Ki dafa ƙwai tun dare, ki dama kunun ki zuba a fulas. Ko rabin kofi ya sha kafin ƙwayar an ci riba. Hutun magani kuma kada ki yanke da kanki, don ba kowane iri ake tsayarwa kwatsam ba, kuma likitan ne ya san dalilin da ya zaɓi wannan. Ki je da babansa, ya ji daga bakin likita, har maganar cin daren.

Maman Ilham:
Wane namijin ne zai bi ki asibiti? Nawa ko katin Ilham bai san kalarsa ba.

Anti Larai:
Ana ta zagaye-zagaye yaro yana ƙarewa. Uban yaro ya ce a daina, kakarsa ta ce a daina, ke wace ce da za ki ja? Gobe in wani abu ya same shi, duk masu ba ki shawarar nan ba za ki ga ƙeyar kowa ba, ke kaɗai za a tsare. Ki neme ni ta gefe na faɗa miki sunan sirof ɗin.

Maman Khalifa:
Ni fa ban ce ba zan bi maganar babansa ba, kuma ba wanda ya kai ni son yaron nan. Ni ce nake zuwa makaranta ana faɗa mini magana, ni ce nake shafa masa man zafi in an zane shi. Yanzu da aka samu ya fara karatu kowa ya zama likita. Asibitin ma in ka je ba ranarka ba sai ka yini a layi a ce likita ba ya nan. Zan dai gwada ƙwan da safe na gani. Anti, sirof ɗin da kike faɗa, ana iya haɗa shi da maganin ko sai an daina?

Maman Sadik:
Don Allah kada ki haɗa komai sai kin tambayi likitansa.

Ummu Affan:
Maman Khalifa, har yanzu ba ki faɗa mana ba, kilo nawa yake da aka fara ba shi, yanzu kuma nawa?