Masu shan maganin raunin ƙashi, ya kuke fama da illolinsa?

Maman Sadiya, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Inna ce ta zame a makewayi bara, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, amma sai ga karaya a wuyan hannu. Da aka yi hoto likita ya ce ƙashinta ya zaizaye, abin da kan samu mata da yawa bayan sun daina al'ada. Ya rubuta mata alendronate mai miligiram 70, ƙwaya ɗaya duk mako, da kalsiyam haɗe da bitamin D. Mako uku ke nan, duk ranar da ta sha sai ƙirji ya ɗauki zafi kamar ta haɗiyi garwashi. Yanzu ta ce ita dai ta haƙura, a bar ta da man zafinta. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari don Allah.

Hajiya Ta'annabi, Kanwuri:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki gaishe min da Innar taki. Kamin in ce komai, tambaye ta mi take yi bayan ta haɗiye shi? Ni shekarata ta biyu ke nan da shi, kuma da fari haka na sha wuya. Nakan sha da kurɓin ruwa kaɗan kamin sallar asuba, in yi alwala in kabbarta. To ki duba, ga ruku'u ga sujada, kai ƙasa ciki sama. Ashe maganin ne ke dawowa maƙogwaro shina ƙona shi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gano, da ta sa na kwatanta mata safiyata tiryan-tiryan.

Yanzu ga yadda nike yi. Ranar Juma'a na zaɓa don kada in manta. Sai na sallame sallah, sannan in haɗiye shi da kofi guda cike da ruwa zalla, ba shayi ba, ba kunu ba, ba hura ba. In zauna kan kujera da carbina minti 30 cur, ba kishingiɗa, ba sunkuyawa shara. Bayan nan in karya kumallo. Tun daga lokacin ƙwannafin ya tafi. Ba a tauna shi, ba a tsotsa. Amma in Inna ta gyara duk wannan zafin bai daina ba, ko ta ji abinci na tsaya mata a wuya, ta dakata ku koma wurin likita a ranar.

Maman Sadiya:
Wallahi Hajiya kamar kina ɗakin. Da ta sha take komawa gado, wai kafin gari ya waye.

Malam Na-Arkilla:
Kada a ɗauka ciwon mata ne kawai. Ni prednisolone ne ya cinye min ƙashi, na shekara da shekaru ina sha saboda asma. Ƙwayar mako-mako ta gagare ni don ina da gyambon ciki, sai aka mayar da ni kan zoledronic acid, wanda ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara. Washegarin na farko zazzaɓi ya rufe ni, gaɓoɓi kamar an yi min dukan sakwara. Uwargida ta ce maleriya ce, har ta aika kemis. Gwaji ya nuna babu. Kwana uku ya sake ni, farasitamol da ruwa kawai na sha. Na biyu bai yi min ko rabin haka ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne ba wanda ya gargaɗe ni tun farko, da ban tsorata iyalina ba. Shawarata, a duba ƙoda kafin a sa, a sha ruwa sosai kafin da bayan, kuma in da hali kada a sa ranar ta faɗo tsakiyar zafin Afrilu ko ana azumi.

Gwaggon Yara, Runjin Sambo:
Ni kalsiyam ɗin ne abokin faɗana. Ciki ya kumbura, bayan gida ya yi tauri, kwana uku shiru. Kunya ta hana ni faɗa wa likita, yaro ne sa'an ɗana. Ƙanwata ce ta faɗa masa a gabana. Ashe guda biyun da nake haɗawa da dare kuskure ne, jiki ba ya iya ɗaukar fiye da kamar miligiram 500 a lokaci guda. Ya ce in raba, ɗaya da abincin rana ɗaya da na dare, tunda irin nawa mai kabonet ne, sai da abinci yake narkewa da kyau. Da ya ji ina shan nono kusan kullum, ga miyar kuka ga kwaɗon zogale, sai ma ya rage min zuwa ɗaya. Na ƙara ruwa, na ƙara ganye da gwanda, abin ya warware.

Wani abu kuma, ina shan levothyroxine saboda maƙoƙo. Kalsiyam na hana shi aiki, dole a bar awa huɗu tsakaninsu. Haka maganin ƙarin jini, ba a haɗa su lokaci guda.

Abu Hanif:
Gwaggo kin tuna min. Mahaifiyata an kawo mata bitamin D tsaraba daga Umra, ta haɗa da na asibiti tana sha duka biyun, wai ai bitamin ne. Sai ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari akai-akai, jiki ba ƙarfi. Muka zaci suga ne. Kalsiyam ne ya yi yawa a jininta.

Anti Nas, Gawon Nama:
Na yi aikin jinya kafin in yi ritaya, bari in ƙara uku. Mai shan alendronate ko mai karɓar na jijiya, in zai cire haƙori ya faɗa wa likitan haƙori tukuna, domin akan samu, ko da yake ba kasafai ba, ramin ya ƙi warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya lalace. Masu cire haƙori a kasuwa kam a yi nesa da su. Na biyu, wanda ya daɗe kan maganin ya fara jin ciwo mai nacewa a cinya ko matsematsi, a je a yi hoto, kada a tafi wurin mai ɗori. Na uku shi ya fi damuna: allurar Prolia, wani maganin raunin ƙashi da ake yi wata shida-shida. Ita ba a barinta haka kawai don kuɗi sun yanke. In aka tsallake, ƙashin baya na iya karyewa wuri fiye da ɗaya. Wanda ya ga ba zai iya ci gaba ba ya faɗa da wuri a sauya masa wani.

Maman Sadiya:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna duka, ta yarda za ta sake gwadawa ranar Juma'a. Hajiya, da azumi fa ya kike yi?

Hajiya Ta'annabi:
Agogo nike sawa, in tashi minti 40 kamin sahur. In sha, in zauna ina lazimi, yara na ɗumama tuwo. Sau huɗu ko biyar ne kawai a watan, ɗiyata, ba shi da wuya. Ki dai ɗauke mata filo daga kusa.