Neman kalma: ya za mu kira throttling da Hausa?

dan_kurna:
Salam 'yan uwa. Ina rubuta wani bayani da Hausa kan sabuwar kwamfutar da mutum ya haɗa da hannunsa, komai lafiya lau a Windows, kallon YouTube lafiya, amma da an buɗe gem mai nauyi irin su Cyberpunk 2077 sai bayan 'yan mintuna ta ɗauke ɗif, ba shuɗin allo ba saƙo ba komai, kamar an zare soket. Duk sauran kalmomin na samu yadda zan yi da su, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), katin girafik (mai sarrafa hoto), madabod (allon da ake jona komai a kai), fawa saflai (mai ba kwamfuta wuta), dama haka muke faɗa a shago. Inda na maƙale shi ne throttling, wato lokacin da furosesa ko kati ya ga zafi ya kai maƙura sai ya rage wa kansa gudu. Na sa "rage gudu" amma bai kwanta min ba, don ko bairos ya cika kwamfuta ai gudunta raguwa yake. A taimaka da kalma.

malamin_hausa_ZRX:
Wa'alaikumus salam. Asalin kalmar a Turanci maƙure wuya take nufi, to me zai hana a ce shaƙewa? Furosesa ta shaƙe. Gajere ne kuma kowa zai gane.

dan_kurna:
Malam na yi tunanin haka amma matsalar ita ce shaƙewa ta riga ta samu aiki a wajen masu gyara, in ka ce wa yaron shago kwamfuta ta shaƙe buroshi da bulowa zai ɗauko, don abin da zai fahimta ƙura ce ta toshe fanka, musamman lokacin hunturu.

oga_injiniya:
Kafin ku zaɓi kalma bari in raba muku abu biyu da mutane ke haɗawa, don inaga nan ne kalmar za ta yi amfani ko ta ɓata aiki. Throttling ba mutuwa ba ce. Kowace furosesa tana da iyakar zafinta, Ryzen 5 5600X digiri 95 ne, yawancin na Intel 100, in ta kai wajen sai ta sauke gudunta da wutar da take sha da kanta, gem ya fara tsalle-tsalle hoto yana sarƙewa, amma injin yana nan a kunne, da zafin ya sauka ta koma gudunta. Sai in wannan dabarar ta kasa ne take kashe kanta gaba ɗaya, kuma a sabon haɗi abin da ya fi kawo haka uku ne, ko an manta ledar nan da ke manne a ƙasan kula (abin da ke sanyaya furosesa) ba a ɓare ba, ko ba a ɗaure sukurorin daidai ba kular ta karkace, ko famfon kular ruwa ba a jona shi ba.

Amma gaskiya yawancin waɗanda ake kawo min suna cewa "zafi take yi tana mutuwa" ba zafi ba ne, fawa saflai ne. Ɗauki katin girafik RTX 3080, a takarda wat 320 yake sha kuma Nvidia da kansu sun ce a sa masa fawa mai wat 750, sai mutum ya kashe duk kuɗinsa a kati ya sayo fawa mai 550 mara suna ya ce ai lissafi ya isa. Lissafin bai isa ba, don katin yakan yi wani irin zuƙo na ƙiftawar ido wanda ya zarce 320 ɗin nesa ba kusa ba, fawar ta ga kamar wani abu ne ya yi shot sai kariyarta ta yanke wuta. Saboda irin wannan ne ma da Intel suka fitar da ƙa'idar ATX 3.0 a 2022 suka sa sharaɗin manyan fawa su iya jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikrosakan 100. To kalmar da za ku zaɓa lallai ta nuna abu uku, da gangan ne, don kare kai ne, kuma ba tsayawa ba ce.

Hajjo_gamer:
Jan birki mana, shikenan an wuce wajen 😅

oga_injiniya:
Hajiya birki ƙarshensa tsayawa ne ai. In aka ce gwamnati ta ja wa wani birki ba cewa ake ya rage ba, dakatar da shi aka yi. Mai karatu zai ɗauka ita ce ɗaukewar, mun koma gidan jiya kenan.

Hajjo_gamer:
Toh ai ni ko a mota ina taka birki ba tare da na tsaya ba Oga, amma na ji, ba zan ja ba. Ni dai tambayata ta daban ce, ya mutum zai gane wanne ne yake damunsa, zafi ko fawa, ba tare da ya sayi sabuwar fawa ba? kuɗin ba kaɗan ba ne fa yanzu

oga_injiniya:
Sauke HWiNFO, manhaja mai nuna zafin kayan kwamfuta, kyauta ne, ki bar shi yana ajiye bayanai a fayil kina gem, in ta mutu ki kunna ki duba layin ƙarshe. In zafin furosesa yana 70 ko 75 lokacin da ta ɗauke ki cire zafinta daga lissafi. Yana ma da layi na musamman da ke nuna ko an yi throttling ko ba a yi ba. Daga nan ki gwada su ɗai-ɗai da manhajojin gwaji, Cinebench R23 furosesa kaɗai yake wahalarwa, FurMark kati kaɗai, OCCT yana da gwajin da ke haɗa su biyun a lokaci guda, in ta tsallake na farko da na biyu ta faɗi a na uku to fawa ce ake zargi. Hanya mafi arha kuma ki buɗe MSI Afterburner ki sauke iyakar wutar kati zuwa kashi 70, in mutuwar ta daina kin kama ɓarawon. Kuma a duba kebul, kati mai rami biyu a ba shi kebul biyu daban-daban daga fawa, kar a yi amfani da guda ɗaya mai reshe.

Wani abu kuma, kar Kernel-Power 41 da ake gani a Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahotanninta, ya ruɗi kowa, Windows ce kawai ke cewa an kashe ni ba sallama, ba ta faɗi dalili ba.

dan_maradi_227:
Sannunku da aiki. Mu nan masu gyara da Faransanci suke kiran kayan, fawa saflai ɗinku alimantasiyon muke cewa, shi ya sa in kuka ɗauki ta Turanci kuka lanƙwasa ba za ta shigo nan ba. Ni shawarata jan linzami. Mahayi in ya ja linzami doki bai tsaya ba, an dai hana shi sukuwa ne, kuma mai jan shi ne zai sake. Abu ukun da Oga ya lissafa duk suna ciki.

malamin_hausa_ZRX:
Kai wannan ta fi tawa. Kuma tana karɓar aikatau ba wahala, furosesa ta ja linzami, katin yana jan linzami, ta saki linzami. Ana iya ƙara dalili ma, jan linzamin zafi, jan linzamin wuta.

oga_injiniya:
Na biyun nan da Malam ya kawo yana da muhimmanci don laftof da yawa ba zafi ke sa su ja linzami ba, iyakar wat ce da kamfani ya sa musu. Na yarda da ita.

Bash_Sabongari:
Ni fa ban yarda ba wlh, yaran yanzu nawa ne suka taɓa riƙe linzami, sai dai su gani a hawan sallah. A bar shi tirotilin kawai kamar yadda muka bar kwamfuta da intanet, ba wanda ya mutu. Sannan duk kun manta babban abu, wutar gida. Akwai fawa masu arha da aka rubuta musu 200 zuwa 240 kaɗai, in NEPA ta kawo rabin wuta gem ya ja lodi sai ta faɗi, masu kyau su ne ke karɓar 100 zuwa 240. Haka ƙananan UPS da inbata waɗanda wutarsu ba pure sine wave ba ce, wato ba sumul take kamar ta NEPA ba, wasu fawa na zamani ba sa shiri da su, ana komawa batir sai ta ɗauke. Mutum ya fara cire UPS ɗin ya jona kai tsaye lokacin da wuta ke da ƙarfi kafin ya kwance komai.

dan_maradi_227:
Ɗan'uwa ba sai ka hau doki ba za ka san linzami, karin maganar ma cike take da shi. Tirotilin kuwa ka faɗa wa wanda bai yi boko ba ka ga ko zai kama komai a ciki.

dan_kurna:
Na gode ƙwarai jama'a. Zan tafi da jan linzami, a karon farko zan rubuta ta tare da ta Turancin a jimla ɗaya saboda masu bincike a Google, daga nan sai ita kaɗai. Mutuwar farat ɗaya kuma zan bar ta ɗaukewa, in zafi ne ya jawo in ce ɗaukewar zafi, in kariyar fawa ce in ce fawa ta yanke. Bash maganar UPS da rabin wuta zan sa ta a matakin farko tunda ita ce ba a buƙatar sukurdireba.

Bash_Sabongari:
Ka sa, amma ni a shago tirotilin zan ci gaba da cewa. Ka kuma ƙara cewa a kashe XMP (saitin da ke ƙara wa RAM gudu) a BIOS, wato shafin saitin madabod, a gwada, duk da shi RAM ya fi kawo shuɗin allo ko gem ya rufe kansa, wani lokacin yakan sa ta sake kunna kanta ba gargaɗi.