Yaro na shan koko kullum amma yana ramewa, ina mafita idan babu kuɗin madara?

Malama daga Gummi: Assalamu alaikum. A ƙauyukanmu, da damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, yaran da aka yaye sai koko safe da yamma. Ciki ya yi tulu, hannu kamar sillen kara. Uwar da ba ta da kuɗin madara da ƙwai, me za ta yi?

Ungozoma, Talata Mafara: Wa alaikumus salam, Malama. Kokon nan tsinkakke ne, ruwa ya fi yawa. Cikin ɗan shekara ɗaya bai wuce kofin shayi ba, sai ya cika da ruwa, jiki bai samu komai ba. A auna gero gwangwani 6, waken soya 3, gyaɗa 1. A jiƙa waken, a murje ɓawon, a shanya, a soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, sannan a niƙa tare. Waken da bai soyu ba yana kumbura ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, guba ce ga hanta. A dama da kauri, yadda ba zai zubo daga cokali ba, a sa cokalin man gyaɗa ko manja da ɗan garin zogale. Sau 3 zuwa 4 a rana, a kwanonsa shi kaɗai, don a kwanon taro manya ke cinyewa. Kuma don Allah kada a yi gaggawar yaye, nono har shekara 2.

Jami'in lafiya, Shinkafi: Hajiya ta gama magana kan abinci. Amma akwai matakin da kunu ba ya isa. A auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da tef mai launi: ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan ramin ya zauna, kumburi ne, ba ƙiba ba. Asibiti a ranar. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da irin waɗannan yara kyauta a Gummi, Shinkafi da Talata Mafara.

Malama daga Gummi: Yallaɓai, gyaɗar ledar nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti fa? Wasu na rabawa yaran gida duka.

Jami'in lafiya, Shinkafi: Magani ce, Malama, an ƙirga ta daidai nauyin mai ciwon. Idan aka raba, yaron ya koma gidan jiya. Kada a dama ta da ruwa, a ba shi daga ledar, ya kora da tafasasshen ruwa da ya huce. Idan ya ƙi ci ko zawo ya kama shi, a mayar da shi asibiti, kada a jira ranar karɓa.