Injina yana ci gefe, kuma gari yake fitarwa

Mai tambaya, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Injin yankan itace na gada wurin kawuna, Allah ya jiƙansa, Stihl ne. Iskar ruwan farko ta karya reshen mangwaron gidanmu, ya kwanta kan kwanon maƙwabci, na ce bari in sauke shi da kaina. Da farko injin yana ci kamar wuƙa a cikin doya. Can sai na ji ƙyas, na ga tartsatsi. Tun daga nan sai na danna da ƙarfi kafin ya shiga, hayaƙi na tashi daga bakin yankan, abin da ke zuba kamar garin rogo, kuma yankan yana karkata hagu. Wani yaro a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce injin ne ya gaji, in sayar masa. Ku ba ni shawara kafin in yi asara.

Baba mai inji, Sokoban:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayar. Injin da ya gaji ƙararsa ce ke canzawa, kai kuwa sarƙarka ce ta dakushe. Ƙyas ɗin nan ƙusa ce. Bishiyar da ta girma a tsakar gidan zango ba a rasa ƙarfe a cikinta: ƙusar igiyar shanya, wayar da aka ɗaura rago da ita wata Sallah, duk itacen ya haɗiye su. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take watsowa, manya-manya, kuma ita ke jan kanta ciki. Karkatar kuwa, haƙoran gefe ɗaya ne suka ci ƙusar, ɗaya gefen yana yanka, ɗayan yana shafa.

Ka nemi magagari mai zagaye daidai da sarƙarka. Lambar girman sarƙar tana rubuce a jikin takobin, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa, kusa da inda ake ɗaure shi. In 3/8 ce, Stihl na cewa milimita 5.2. In .325 ce, 4.8. Manyan injina irin 070 masu sarƙa .404, 5.5. Ƙaramar 3/8 ta ƙananan injina, 4.0. Kashe injin, matse takobin kada ya yi rawa. Nemo haƙorin da ya fi lalacewa, ka fara da shi, ka sa masa alama da alli. Ka goga daga ciki zuwa waje, turawa kawai, in za ka dawo ka ɗaga hannu. Kwanar digiri 30 ce, a sarƙoƙi da yawa akwai ɗan layi a bayan haƙorin, bi shi. Gama gefe ɗaya kaf, sannan ka juya. Duk haƙoran su dawo tsawo ɗaya da wancan na farko. Nan ne ragwaye ke faɗuwa: hannun dama ya fi ƙarfi, sai su cinye gefe guda, gobe injin ya sake karkata su ce aljanu ne.

Makaniki, Suame:
Baba ya gama magana, amma a ƙara da ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori. Shi ke ƙayyade zurfin cizo. Kana wasa haƙori yana gajarta, tudun yana nan, har ka ga sarƙa da kaifi amma ba ta ci. Ana rage shi da magagari mai faɗi, ya zama ƙasa da haƙori da kamar milimita 0.65. Akwai ɗan ma'auninsa, ka saya, kada ka yi da ido. In ka zarce, injin zai riƙa fizgarka. Kuma ba duk mu na Magazine ne ke neman rabaka da kayanka ba fa!

Tambaya ɗaya, yaya: wane mai kake zuba wa sarƙar?

Mai tambaya:
Baƙin man da aka juye daga mota. Haka na ga kawu yana yi.

Makaniki:
Daina. Ƙurar ƙarfe ce a cikinsa, tana cin famfon mai da takobi, kuma ba ya da danƙon da zai riƙe sarƙa. Fetur kuma, a gauraya shi da man inji na 2T, mililita 100 a lita 5, wato 50 da 1, in man mai kyau ne.

Mai sayar da itacen wuta, Sawaba:
Ni dai shekaru nake zuba baƙin mai, injina yana nan. Man sarƙa da tsada, masta.

Baba mai inji:
Takobi nawa ka canza a shekarun? Ƙidaya ka gaya mana. Ɗana, duk lokacin da ka cire sarƙa ka juya takobin sama ta koma ƙasa, ka share kwarminsa da ramin mai. Kada ka ja sarƙa ta yi tauri tana da zafi, in ta huce takurewa take yi.

Hajiya, Asawase:
Ni ban san inji ba, amma reshen da ke kwance kan kwano yana da nauyi a ɗaure, in an yanke yana iya zabura. Don Allah kada ka hau tsani da injin a hannu, kuma ka duba wayar wuta, in tana kusa a kira ECG, kamfanin wutar lantarki, tukuna. Kawunka ya yi wa injin rajista? Tun 1998 doka ta ce a yi a Asambuli, wato ƙaramar hukuma, kuma ta hana tsaga katakon sayarwa da shi.

Baba mai inji:
Gaskiyar Hajiya ce. Ka ɗaure reshen da igiya, ka fara rage shi daga ƙananan rassa. Kan takobin, ɓangaren sama, kada ya taɓa komai, nan ne injin ke tsalle ya nufo fuska.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba kututturen, ga ƙusa inci huɗu a ciki, ta rabe biyu. Haƙora biyar na dama sun lotse. 3/8 aka rubuta. Baba, in na kawo maka Sokoban ranar Asabar, za ka wasa haƙora biyu ina kallo, in ƙarasa sauran?

Baba mai inji:
Zo bayan azahar. Ka taho da magagarinka, nawa ba na ba da aro.